Daga Ruhewa Zuwa Kanta: Tarihin Ajiyarmu da Shawarar Sabon Sito

Barkanmu da ganin zagayowar ranar da anka kafa ƙungiyarmu. Waɗanda munka fara tare sunka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, mu kuma ya maimaita mana cikin lafiya.

Bana kwamiti ya ɗora mana rubutun tarihi, mu 'yan ajin yaƙi da jahilci. Munka zaɓi tarihin ajiya, don kowa ta san abin da ke gabanmu. Sabon sito ya ginu, an yi rufi, an sa ƙyaure, amma cikinsa fayau yake. A babban taro mai zuwa za a yanke abin da za a sa ciki, kuma kuɗin aikin daga zubinmu za su fito, kuɗin da da su za mu sayi hatsi da wake in kaka ta yi. Wasu na son dogayen kantocin ƙarfe irin waɗanda anka nuna mana a hoto, wasu na son katako, wasu sun ce a jibge buhu a ƙasa a huta. Kafin a ɗaga hannu, ya kamata mu waiwaya mu ga yadda mutanen wagga ƙasa sunka riƙa ajiye abincinsu tun kafin a haifi kakanninmu, don mafi yawan amsar tana can.

Ruhewa da rumbu

A ƙasar Gobir ruwa wata uku zuwa huɗu yake sauka. Sauran watannin shekara abin da anka ajiye shi ake ci. Shi ya sa gidan da ba shi da rumbu ba a ƙirga shi gida, kuma in ana binciken mai neman aure, ana duban rumbunan gidansu kafin a dubi rigarsa.

Masana tarihi sun ce a ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya zauna Alkalawa, a bakin gulbi, wadda kufanta ke cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni a yau. Nan Bawa Jangwarzo ya yi mulki. A 1808 mayaƙan jihadi sunka ci Alkalawa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 wasu Gobirawa sunka kafa Tsibiri, kusa da Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Duk wannan tashi da zama da hatsi anka yi shi. Birni mai ganuwa in an kewaye shi, kwanakin da zai iya jurewa daidai suke da abin da ke cikin rumbunansa. Wanda ya yi ƙaura kuwa, yakan kwana a bukka shekara guda amma ba ya barin damin hatsinsa a ƙasa.

Iri biyu munka gada. Akwai rumbu na kara da zana, mai sauƙin yi, wanda ake ɗorawa bisa itace. Akwai kuma ruhewa, wadda mutanen gabas ke ce wa rufewa, ta laka, mai ciki kamar tulu. Maginin ruhewa yakan fara jera duwatsu, ya ɗora gindinta a kansu, yadda iska za ta wuce ta ƙasa, ruwan sama ya bi ya tafi, rima ba ta hau ba. Kaji na shiga ƙarƙashin su sha inuwa, su tsince gara. Jikinta sumul ake shafe shi don kada kusu ya sami wurin kama ƙafa. Bakinta a sama yake, ƙarami, sai da tsani, a rufe shi, a kifa jinka ta kare rana da ruwa. Hatsi da zangarniyarsa ake zuba shi, dami-dami, bayan an fid da zakka, ɗaya cikin goma. Hatsin da ba a sussuke ba ƙwaro ba ya saurin cinsa, yakan kai shekaru. Kuma mai gida ya san adadin damin da ya shiga da wanda ya fita, ko da bai san baƙi ba.

In munka tattara, dokokin ruhewa biyar ne. Kaya kada ya taɓa ƙasa. Iska ta zagaya. Kada a shigo da ɗanye. Ba a zuba sabo bisa tsoho, sai an kwashe an share. Sannan a san na wane ne, kuma nawa ne. Ku riƙe waɗannan biyar, da su za mu auna duk kantar da za a kawo mana.

Ajiyar ɗakin mace

Babbar ruhewa ta gandu ce, mai gida ke da iko da bakinta. Iyayenmu sun ba mu labari cewa a gidaje da yawa, in an gama kaka sai a liƙe ta, maza su tafi cin rani, ba a buɗewa sai ruwa ya sauka an fara noma, lokacin da ake buƙatar ƙarfi. To me ake ci a tsakani? Abin da mace ta ajiye. Tana da 'yar gonarta, gayauna, wadda dangimmu na ƙetaren iyaka ke ce wa gamana, tana da ɗan rumbunta a bayan ɗaki. Wake takan cuɗa shi da toka ko yashi mai laushi, ta zuba a randa, ta liƙe baki da laka. Kuka da kuɓewa da yakuwa a shanya a ɗura a tulu. Nono da fura a ragaya, rataye a sama, inda kyanwa da tururuwa ba su kai.

Ga kuma jere. Kanta ta farko da aka sani a gidan Bahaushe a ɗakin amarya take. Da ƙorai ne masu zane, sai tasoshi, sai kwanoni masu fenti, langa da samira, babba a ƙasa ƙarami a sama, har kusa da rufi. Maza na ganin ado ne kawai. Mu mun san asusu ne. In fari ya zo, ko ciwo, ko auren ɗiya, daga jere ake zarewa a sayar. Mace takan shiga ɗakinta da duhu ta san wane kwano ne babu. Ashe tsara kaya bisa kanta sana'armu ce tun daɗewa, babu wanda zai koya mana ita daga farko.

Zuwan buhu

A watan Maris na 1903 Turawan Ingila sunka ci Sakkwato. Bayan 'yan shekaru sunka zauna da Faransawa anka ja iyaka, Tsibiri da Madawa sunka faɗa can, Sabon Birni da Isa sunka faɗa nan, dangi ɗaya hukuma biyu. Haraji ya koma na kuɗi, wanda ba shi da kuɗi dole ya buɗe rumbu ya sayar da hatsi lokacin da ya fi araha. Da ruwa ya ƙi a 1913, yunwar da anka sa wa suna Ƙaƙalaba ta sami rumbuna da yawa ba kauri, ta yi ɓarna a 1914. A can ƙetare, bayan yunwar 1931, Faransawa sunka matsa wa talakawa su riƙa zuba hatsi a rumbunan tsimi na gari. Mutane ba su so tilas ɗin ba, amma tunanin ajiya ta haɗin gwiwa ya zauna.

Jirgin ƙasa ya fara aiki zuwa Kano a 1912, ya iso Ƙauran Namoda a 1929. Daga nan gyaɗa da auduga sunka zama abin neman kuɗin haraji. Jakai da raƙuma na ɗauka daga wajenmu, a bi ta Shinkafi a sauke Ƙaura. Kamfani ba ya sayen dami, buhu yake saye, a kan sikeli. Haka buhun algarara ya shigo rayuwarmu. A Kano gyaɗa ta yi yawa har jirgi ya kasa kwashewa, anka riƙa tara dubban buhuna ana yin dala, aikin da sunan Alhassan Ɗantata ya shahara da shi. Dalar gyaɗa na da darasi: 'yan dako ba su jibga buhu kai-tsaye, jeri ɗaya a miƙe, na bisansa a gicciye, kowane buhu ya danne biyu, shi ya sa take tsayawa ba ta zube ba.

Farin 1973 da 1974 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 sunka kawo ƙarshen dala. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, kowa ya koma ya nemi kasuwarsa. Dala ta tafi, buhu ya zauna, daga baya ma na leda ya kori na algarara. Tare da shi shago mai daɓen siminti da rufin kwano ya zo.

Buhu ya sauƙaƙa awo da ɗauka, amma ya karya dokokin ruhewa kusan duka. Hatsin cikinsa sussukakke ne, ƙwaro na shiga ba wahala. Ana ajiye shi a ƙasa, siminti kuwa yana gumi da damina, buhun ƙasa ya sha, gindinsa ya yi baƙi. Ana jingina shi da bango, gara ta biyo bango ta shiga, kusu ya yi gida a bayansa. Kwano na ɗaukar zafi da rana, ya yi raɓa da asuba ta ɗiga. Sabon kaya na shigowa a ɗora bisa tsoho, na ƙasa ya kwana biyu ba a gan shi ba.

Daga guba zuwa buhu mai ciki uku

Da ƙwaro ya yi yawa sai anka koma ga magani. Kowa a kasuwa ya san ƙwayar da ake jefawa cikin buhu da ruwan da ake yayyafa wa wake, kuma kowa ya ji labarin gidan da anka ci wake anka kwana asibiti. Abin ya kai har a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da anka samu a ciki. Gyaɗa kuma tata matsalar fumfuna ce. In ta sha laima takan yi wata guba da ido ba ya gani, mai lalata hanta. A 1960 anka gano ta a Ingila, bayan talo-talo masu ɗimbin yawa sun mutu da cin abincin da anka haɗa da tunkuzar gyaɗa. Mu masu yin ƙuli-ƙuli da mai, wagga magana tamu ce, don ɗiyanmu ke fara ci kafin a kai kasuwa.

A 2007 anka fara yaɗa buhun PICS, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka sunka fito da shi tare da masana na Afirka, cikinsu har da na cibiyar binciken noma ta Nijar da ke Maraɗi. Leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, kowace a ɗaure ta daban. Ƙwaro ya shaƙe iskar da ke ciki ta ƙare, ya mutu, ba a sa ko ɗigon magani ba. Da tsofaffinmu sunka ga yadda yake aiki sai sunka yi dariya, don randar da ake liƙewa da laka ce ta dawo cikin leda. Amma lallaɓa shi ake yi. Huda ɗaya ta ƙusa ko haƙorin kusu ta isa ta ɓata shi. Wanga ma zai shiga lissafin abin da za mu ɗora shi a kai.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Adashi ya girmi kowace doka. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta farko a Najeriya a 1935 anka yi ta, amma shekaru da yawa maza masu koko da gyaɗa da auduga ke cin moriyarta. A 1987 Maryam Babangida ta kawo shirin kyautata rayuwar matan karkara, mata sunka fara rajistar ƙungiyoyi da sunansu. A 1991 kuma, a jihar Maraɗi, anka fara Mata Masu Dubara, inda mata ke zubi mako-mako a akwati, su ba junansu rance. Labarin ya ƙetaro iyaka ta bakin dangi da 'yan kasuwa.

Tamu ƙungiya ma daga adashi ta tashi. Ajiyarmu ta farko ƙarƙashin gadon uwar adashi take, 'yan tiyoyin wake da anka saya da kaka ana jiran bazara. Da abin ya ƙaru munka kama hayar shago. Wata tsohuwa cikinmu, Allah ya jiƙanta, ta hana a sauke buhu ko ɗaya sai da anka samo tsofaffin azara na wani rusasshen soro anka jera a ƙasa bisa duwatsu. A shekarar da Gulbin Rima ya yi ambaliya, 2010, laima ta tashi a shaguna, maƙwabtanmu da yawa sunka yi asarar jerin ƙasa, namu ya fita lafiya. Azarar giginya ce, gara ba ta cinta, har yau wasu na nan.

Sai kuma wanga zamani da muke ciki. Ba sai mun faɗa wa kowa ba. Tun wajen 2019 dubban mutane daga ƙasar Sabon Birni da Isa sunka tsallaka zuwa yankin Gidan Rumji. An ƙone rumbuna a ƙauyuka, an kwashe wasu, an hana noma a gonaki masu nisa. A watan Satumba na 2021 anka rufe hanyar Marnona zuwa Isa, anka yanke layukan waya. Iyaka ta rufe daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ta sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Abin da wanga ya jawo shi ne, 'yar uwar da ke da rumbu a ƙauye yanzu sussukewa take yi da wuri, ta ɗura a buhu, ta kawo gari. Cikinmu akwai waɗanda abin da ke sitonmu shi ne duk abin da ya rage masu a duniya. Sitonmu ya zama ruhewar gidaje da yawa, buhu ɗaya in ya ruɓe, tuwon wata guda na marayu ne ya tafi.

Dogayen kantocin da anka nuna mana

Kantocin nan masu hawa-hawa har rufi suna da nasu tarihi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka sunka yawaita ɗora kaya bisa wani faffaɗan katako mai ƙafafu, wanda 'yan birni ke ce wa falet, wata 'yar mota mai cokula biyu ta soka ta ɗaga. Bayan yaƙi kamfanoni sunka ɗauka, sunka gina kantoci masu tsawo don motar ta riƙa ɗora falet a sama, saboda a biranensu fili ya fi komai tsada. Ita kuma kantar ƙarfe mai huda-huda da ake haɗawa da noti, wani mai ɗab'i a Landan, Demetrius Comino, ya ƙirƙiro ta don ya rasa inda zai jera takardunsa, ya sa mata suna Dexion. Kowace an yi ta ne don wata buƙata.

To mu tambayi kanmu. Muna da motar ɗaga kaya? Ba mu da ita. Abin da muke da shi kafaɗar ɗan dako ce da hannuwanmu. Buhun hatsi babba kilo 100 ne, goma sun yi tan guda. Wa zai ɗaga kilo 100 ya kai hawa na uku ya tura shi ciki? Doguwar kanta na son daɓe mai kauri, shimfiɗaɗɗe, da za a kafe ƙafafunta a ciki. In ƙafa ɗaya ta nutse, dukkanta ke karkacewa, kuma in ta faɗi ba kaya kaɗai take ɓatawa ba, mu da goyo muke shiga sito. Fili kuwa ba shi ne matsalarmu ba. Matsalarmu rima ce da gara da kusu da zafi da rashin sanin kayan wa ke ina.

Abin da muke ba da shawara

Na farko, buhuna masu nauyi, hatsi da dawa da wake da shinkafa, ba su son kanta. Gado suke so. A sa kafinta ya yi gadajen katako masu tsawon kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, da tazara tsakanin allunan don iska. A goge su sumul, a nutsar da kan kowace ƙusa, saboda buhu mai ciki uku. A bar kamar mita ɗaya tsakanin buhu da bango, yadda mace za ta zagaya da tsintsiya ta ga hanyar gara tun tana sabuwa. A bar hanya a tsakiya da mutum zai wuce da buhu a ka. A jera a gicciye irin na dala, kada a kai rufi, kuma kada ya wuce inda ɗan dako zai sauke ba tare da ya jefo ba. Kowane iri da gadonsa, sabo da tsoho ba su haɗa gado.

Na biyu, ƙananan kaya su ke son kanta: man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, tattasai, sabulu, taliya. A nan ma a yi lissafin nauyi. Jarkar mai ta lita 25 ta kai kilo 23, huɗu sun kusa buhu guda. Saboda haka jarkoki a hawa na ƙasa, masu sauƙi a sama, kamar jere. Hawa huɗu sun isa, na sama inda hannun mace zai kai tana tsaye. Mai a gefen da rana ba ta bugu, don zafi na sa shi ɗaci. Sabulu nesa da daddawa da gari, don abinci na ɗaukar ƙamshi. Duk mai sayar mana da kanta ya faɗa mana kilo nawa kowane hawa ke ɗauka, a rubuta, mu kuma mu gwada da jarkokin ruwa kafin a biya sauran kuɗi.

Na uku, katako ko ƙarfe? Itacen da gara ke tsoro, giginya da ƙirya, ya yi wuya, shiga daji nemansa ma yanzu kasada ce. Farin katako mai araha da ake kawowa daga kudu abincin gara ne, kuma araha ba ta ado. Ƙarfe gara ba ta cinsa, amma gishiri da laima na sa shi tsatsa, sai an yi masa fenti ana sabuntawa. Muna ganin a haɗa: ƙafafu da gindi na ƙarfe mai kusurwa, shimfiɗar kowane hawa ta katako mai kauri, wadda in ta lalace a cire ta ita kaɗai. Gishiri da kanwa su zauna bisa katako zalla.

Na huɗu, walda ko noti? Ta walda ta fi ƙarfi, mai walda kuma yana nan cikin gari in ta karye. Amma in an haɗa ta cikin ɗaki ba ta fita ta ƙofa. Mu da munka ga yadda ake tashi cikin dare, mun san darajar abin da ake kwancewa a ɗora a amalanke. A yi ta noti, a sa ƙarfe a gicciye ta baya don kada ta yi rawa, a jera biyu baya da baya a ɗaure su da juna, tun da bangon laka ba ya riƙe ƙusa. Kowace ƙafa a sa mata faffaɗan ƙarfe a ƙasa kada ta huda daɓe.

Na biyar, albasa ba ta shiga sito. Numfashi take yi, in an kulle ta ta ruɓe ta ɓata maƙwabtanta. Rudu munka gada don ita, na kara da itace, ɗage daga ƙasa, da jinka a sama, iska na ratsawa ta ko'ina. A yi shi a tsakar fili cikin katanga, a riƙa tsince mai laushi.

Na shida, takin zamani da maganin feshi da kalanzir ba su kwana ɗaki ɗaya da abinci. Taki na jan laima, yana cin ƙarfe. Ƙaramin ɗakin da ke gefe nasu ne, da makullinsa daban.

Na bakwai, a tsaya a ƙofa a duba bushewa kafin a karɓi kaya, ko na wace ce, ko na shugaba. A ciza ƙwayar, in ta fashe da ƙara ta bushe. In ana shakka, a zuba ɗan hatsin a busasshiyar kwalba da busasshen gishiri a girgiza. Gishiri ya manne jikin kwalba, a mayar a ƙara shanyawa. Kanta komai kyanta ba ta busar da ɗanyen kaya.

Na takwas shi ne wanda ajinmu ya fi alfahari da shi. Kowane gado da kowane hawa a ba shi lamba. Kowane buhu a rubuta sunan mai shi da ranar da ya shiga. Wanda ya riga shiga shi zai riga fita. Littafi na hannun sakatariya, makulli na hannun ma'aji, kuma duk 'yar ƙungiya na da ikon ta shigo ta karanta sunanta da idonta. Iyayenmu da ƙulli a zare da zane a bango sunka riƙe lissafi, mu Allah ya ba mu baƙi da girma. 'Yan aji sun ɗauki alkawarin yin wanga rubutu kyauta, bi da bi.

In an bi wagga hanya, abin da za a kashe bai kai kusa da na dogayen kantoci ba, sauran kuɗin kuma su tafi inda anka tara su domin shi, sayen hatsi da wake da kaka, a sayar wa 'yan ƙungiya da rangwame lokacin da kasuwa ta hau. Sito mai kantoci har rufi babu hatsi a ciki ba ya ciyar da kowa. In Allah ya buɗa gaba, ta noti ana ƙara mata hawa, gado kuma ana ƙara wani kusa da shi.

Muna roƙon kowace 'yar ƙungiya ta zo taro, wadda hanya ta hana ta aiko da bakinta. Ku tambayi tsofaffin gidajenku yadda sunka yi, ku zo da abin da kunka ji, don da tsohuwar zuma ake magani. Mazajenmu da ɗiyanmu masu aikin kafinta da walda, ku kawo farashi a rubuce, ku sa tausayi.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da waɗanda sunka bar gidajensu, ya ba mu damina mai albarka, ya cika rumbunan ƙauye da sitonmu na gari. Allah ya sa mu ga baɗi da rai da lafiya. Amin.